Yaushe Za Mu Kai Nusaiba Ta Hau Babban Lilo?

Assalamu alaikum Gwaggo Larai. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, na aure da na gado da na zumunci, har na ji nauyin kawo tawa, don wanda ya ji ta sama-sama cewa zai yi wannan matar ba ta da abin yi. Magana ce ta kai yarinya wurin wasan yara a Kano. Amma wallahi ta hana ni sukuni, ta kuma sa ni da maigidana mun koma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ni 'yar Runka ce ta ƙasar Safana, can aka haife ni, can aka yi mini aure. Da rashin tsaro ya yi tsanani muka kwaso 'yan komatsanmu muka dawo cikin garin Batsari, muka kama haya. Gonar maigidan tana can wajen Runka, a babur yake zuwa duk ranar da aka ce hanya ta yi kyau. Ni kuma ɗinki nake yi a gida, ina ɗan kiwon awaki a bayan ɗaki.

'Ya'ya uku Allah ya ba mu. Na farin, wanda muke kira Daudu, ya riga mu gidan gaskiya. Sai ɗiyata Nusaiba da ke aji huɗu a firamare, sai ƙaninta Salmanu. Daudu da Nusaiba duk da ciwon sikila aka haife su, Salmanu ne Allah ya tsallakar. Lokacin aurenmu ba wanda ke maganar gwajin jini a ƙauyenmu, ba mu san komai ba sai da Daudu ya fara kumburin hannu da ƙafa yana goye. Ya rayu har ya fara zuwa makaranta. Cikin wani sanyi ciwon ya tashi masa da ƙarfi, muna Runka a lokacin, aka sa shi a bayan a-kori-kura da safe za a kai shi asibiti a Katsina. Ba su kai ba. Ni ina gida da jegon Salmanu, ubansa ne ya tafi da shi, shi ne kuma ya dawo da shi.

To Gwaggo, ga yadda maganar wurin wasan ta samo asali. Maigidana yana da ƙanwa, Halima, tana aure a Kano. Da ƙaramar Sallar bara ta turo mini bidiyon 'ya'yanta a wani filin wasan yara: ga dawakan roba masu kewayawa, ga ɗan jirgin ƙasa, ga ƙananan motoci masu karo da juna, ga kuma wani ƙaton lilo kamar tayar keke an tsayar da ita, da kujeru kamar kwanduna, yana ɗaga mutane sama a hankali ya sauko da su. Nusaiba ta kalli bidiyon nan har cajin wayata ya ƙare. Ba ruwanta da dawakan, ba ruwanta da motocin, babban lilon kawai. Ta samo tsohon garen keke wajen yaran maƙwabta, ta ɗaure masa gwangwanayen tumatir da ƙyallayen ɗinkina, ta rataye a reshen dalbejiya tana juyawa. Ta ce da ni, “Umma, in mutum ya kai can sama zai iya hango Runka?” Na ce mata ban sani ba, ban taɓa hawa ba.

Da damina ta yi nisa zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, ya tayar mata da ciwon. Wannan kwanciyar ta fi kowace muni, sai da aka yi mata ƙarin jini. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, ko kuka ta daina. A nan ne ubanta ya durƙusa bakin gadon ya kama hannunta ya ce, “Ki sha kunun nan, uwata. In kin tashi, da kaina zan kai ki Kano ki hau lilon nan, da zarar an yi kaka.” Ina tsaye na ji, ba wanda ya tilasta shi. Ta buɗe ido ta dube shi, ta karɓi kofin. Ban ce alkawarin ne ya warkar da ita ba, Allah ne mai warkarwa, amma daga ranar ta fara cin abinci.

Kaka ta zo, sai mutanen daji suka hana zuwa gona. Gero ya daɗe a tsaye, dawa ma haka, kafin a samu a kwaso abin da ya rage sanyi ya sauka. Ya ce ba zai fita da ita cikin sanyi ba. Ban yi musu ba, don na san abin da sanyi ya yi mana. Sanyi na wucewa azumi ya kama. Da ƙaramar Sallah na tuna masa, ya ce zafi ya yi yawa, a bari. Yanzu ga babbar Sallah ta matso, Halima ta kira ta ce mu zo, ta gyara mana ɗaki, ta ce lokacin Sallah ne ake kunna komai da komai a wurin, 'ya'yanta ma suna hutu za su raka ta. Na je masa da maganar da murnata, sai ya ce ruwa ya kusa sauka, shuka ba ta jira, a bari sai bayan kaka. Kaka kuma, Gwaggo! Wata kakar!

Kada ki ce kuɗi ne. Akwai akuyar da na ware tun bara saboda wannan tafiya, har ta haihu. Shi ma ba marowaci ba ne, duk abin da ya samu a kanmu yake ƙarewa.

Kowa da tasa shawarar. Surukata Inno ta ce wannan ai sakarci ne, yarinya marar lafiya mi ya kai ta hawa ƙarfe, a yi sadaka da akuyar ya fi. Wata maƙwabciyata malamar makaranta ta ce mu jira dogon hutu na watan Agusta, kada a ɓata wa yarinya karatu. Wata ta ce hutun ƙarshen shekara ya fi daɗi, ba rana ba ruwa. Ni duk sun ƙara rikita ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Nusaiba ta daina tambaya. Da, kullum sai ta ce “Baba, saura wata nawa?” Tun bayan ƙaramar Sallah ba ta sake ɗaga maganar ba. Ta kwance garen daga bishiya ta mayar wa masu shi. Rannan muna cin tuwon rana Salmanu ya ce, “Baba, yaushe za mu Kano?” Kafin uban ya buɗe baki ta ce, “Ƙyale shi Salmanu, Baba wasa yake yi.” Ba da fushi ta faɗa ba, ba da rashin kunya ba, a hankali kamar babbar mace. Uban ya tsame hannunsa daga kwano ya fita.

Da ya dawo na kasa haƙuri. Na ce masa shi yana da tabbacin yarinyar nan za ta kai wata kakar? Na ce so yake sai an ɗauke ta kamar yadda aka ɗauki yayanta sannan ya ce da na sani? Can ya ce, “A kan cinyata ya cika, a bayan mota, a kan hanya. Ke ba ki cikin motar.” Tunda muke bai taɓa yi mini maganar ranar ba sai wannan karon. Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, haka muke zaune har yau.

Gwaggo, ni tsoro nake ji. Kowace damina sai ta kwanta, ga damina ta ƙarato. Duk safiya sai na ja fatar idonta na duba ko ya yi fari, har ta fara kauda kai in ta ga na nufo ta. In wani abu ya same ta ba ta hau lilon nan ba, ban san yadda zan yi da raina ba, ban kuma san yadda zan ci gaba da kallon ubanta ba. Har na yi tunanin in ɗauke ta mu tafi da Sallar ko bai yarda ba, sai na ga ban taɓa saɓa masa haka ba, kuma in wani abu ya faru a hanya fa?

Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Wane lokaci ne ya dace a kai yarinya irin tawa irin wannan wuri? In matsa a tafi da Sallah, ko in haƙura da kakar da ban san ko za ta zo mana da yadda muke so ba?

Taki,
Uwa mai zullumi, daga Batsari

AMSAR GWAGGO LARAI

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Daudu, ya sa mai ceto ne, ya ba Nusaiba lafiya mai ɗorewa. Ki daina jin nauyi, matsalarki ba ƙarama ba ce. Alkawarin da aka yi wa yaro a gadon asibiti babban abu ne.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da na gani shi ne ke da maigidanki ba a kan Sallah da kaka kuke faɗa ba. Yaro ɗaya kuke wa kuka, kowa ta inda abin ya dafe shi. Ke kina gida aka fita da shi ba ki sake ganinsa da rai ba, shi ya sa jira yake ba ki tsoro. Shi yana cikin motar, shi ya sa hanya take ba shi tsoro. Zafi da shuka da yake kawowa dalilai ne na gaskiya, amma a ƙarƙashinsu akwai mutumin da bai son ya sake sa ɗansa marar lafiya a mota. Ba rashin so ba ne, ba kuma wasa ba ne.

Yanzu ga amsar tambayarki kai tsaye: kada ku tafi da Sallah. A nan maigidanki ya fi ki gaskiya. Na sha kai jikokina irin wuraren nan ranar Sallah, na san abin da nake faɗa. Halima ba ta yi ƙarya ba, ana kunna komai, amma duk yaran gari ma ranar suke zuwa. Za ku tsaya layi cikin rana, ana turereniya, a daɗe kafin a samu hawa na ɗan lokaci kaɗan. Kujerun ƙarfe ne, sun sha rana. Ban-ɗaki yana nesa kuma cike, sai yaro ya ƙi shan ruwa don kada ya matsu. Ga mai sikila kuwa, zafi da gajiya da ƙishirwa su ne masu tayar da ciwo. Ƙara da cewa motoci a cike suke, direbobi na sauri su juyo, asibitoci ma kan rage hannu saboda hutu. Ba ranar da za a gwada sa'a da ita ba ce.

Dogon hutun Agusta ma ki cire shi. Tsakiyar damina ce, lokacin da ke da kanki kika ce tana kwanciya. Ruwa ɗaya in ya dake ta ya isa, kuma da hadari ya taso ake kashe na'urorin a kori mutane. Batun hanyarku kuwa idan shuka ta yi tsawo mutanen daji suka samu maɓoya, kin fi ni sani. Hutun ƙarshen shekara kuma sanyi ne, ba sai na yi miki bayani ba.

Lokacin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan: ruwa ya ɗauke, zafin da ke biyo bayansa ya fara sauka, sanyi bai kankama ba. Wato daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Sauro ya ragu, wurin wasa ba cunkoso, yaro zai hau abin da yake so ya sake hawa ba mai tura shi. In ya dace da hutun tsakiyar zango, madalla. In bai dace ba, a je a gaya wa hedimasta, kwana kaɗan ba zai rushe karatun 'yar aji huɗu ba. Halima ta je wurin da ƙafarta tun kafin lokacin, ta tambayi ranakun da ake kunna babban lilon da kuma ƙarfe nawa, don wasu wuraren ba sa tayar da manyan na'urori in ba mutane. Asabar ko Lahadi da la'asar sakaliya ya fi.

Kin ga ke nan lokacin da maigidanki ya ambata shi ne daidai. Amma ke ma kina da taki gaskiyar, kuma babba ce: “bayan kaka” ba rana ba ce. Bara an ɗaura alkawarin a kan amfanin gona, amfanin gona kuma ya koma hannun waɗanda ba su san da wata Nusaiba ba. Kada a maimaita. A buɗe kalanda a sa yatsa a kan rana, ko hatsi ya iso gida ko yana gona. Tunda akuyarki na nan, tafiyar ba ta jiran buhu.

Sai dai kafin kalanda, ki fara ba shi haƙuri. Maganar da kika faɗa masa ta yi nauyi, ko da tsoro ne ya sa ki. Mutumin nan ya buɗe miki abin da ya daɗe yana dannewa, kada ki bari ya sake rufewa. Ki samu lokacin da yara ba sa nan, ki ce masa kin ji abin da ya faɗa, kin kuma janye maganar Sallah. Sannan ki tambaye shi me zai sa hankalinsa ya kwanta da hanyar. Ni shawarata a raba tafiyar biyu. Ku tashi daga Batsari bayan rana ta ɗaga, ranar da motoci ke yawan zirga-zirga, bayan ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki. Ku kwana a Katsina, ta huta, washegari ku wuce Kano. Wanda ya san akwai asibiti a gabansa da bayansa ba zai ji abin da ya ji a waccan tafiyar ba.

Ni ba likita ba ce, don haka tun da sauran lokaci ku gaya wa likitan da ke duba ta, ya auna jininta, ya faɗa muku abin da za ta iya hawa da wanda za ta bari. Ku tafi da katinta da magungunanta, da gidan sauro, da rigar sanyi, da ruwan sha mai yawa. Halima ta san asibitin da ya fi kusa da gidanta. In aka wayi gari ranar tafiya jikinta da zafi, ko aka ce hanya ba kyau, a ɗaga da mako guda, ba da shekara ba. Wannan ma a gaya mata tun yanzu, don kada ta ɗauka an sake yi mata wasa.

Kuma ubanta ne zai gaya mata, ba ke ba. Shi ya yi alkawarin, a bakinsa take son ta ji. Ya zaunar da ita ya nuna mata ranar, ya faɗa mata dalilin da ya sa ba Sallah ba, ba damina ba. Yarinyar da ta iya cewa “Baba wasa yake yi” ta isa ta fahimci gaskiya. Ke kuma da Sallar nan ki kai ta kasuwa ta zaɓi atamfar da za ki ɗinka mata ta tafiyar, ta ga an yanka an ɗinka an ajiye. Inno kuwa kada ki yi jayayya da ita. Ki ce mata za a yi sadakar, a kuma yi tafiyar, ki roƙe ta ta sa albarka. Tsofaffi sun fi saurin sauka in aka nemi addu'arsu.

Saura magana ɗaya, wadda kika ce in faɗa ko ba daɗi. 'Yata, kina shirya tafiyar nan kamar ta bankwana. Nusaiba ba Daudu ba ce. Kuna cikin gari yanzu, kun san ciwon, kun san abin da ke tayar da shi, tana da likita. Rai na hannun Allah, nata da naki da nawa. Ina da 'yar ƙanwa mai irin wannan ciwo, mun sha zaman asibiti da ita, yau ga ta da aurenta tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Yara suna karanta fuskar uwa fiye da yadda muke zato. In kika kai ta wurin nan da fuskar mai sallama, za ta gane, kuma daɗin zai ragu. Ki mayar da ƙarfinki kan fitar da ita daminar nan lafiya: gidan sauro kullum, maganinta a kan lokaci, asibiti da zarar jiki ya yi ɗumi. Duba ido kuma ki rage, ki riƙa tambayarta yadda take ji, ta iya faɗa.

Ranar da Allah ya kai ku, kada ki tsaya a bakin shinge rungume da jakar magani kina ƙirga numfashinta. Ki miƙa wa Halima jakar. A sayi tikiti har da ke da ubanta, ku sa ta a tsakiya. In ta yi ihu ku bar ta ta yi, na murna ne, ta daɗe ba ta yi irinsa ba. In kuma kika ga idon maigidanki ya kawo ruwa a can sama, ki kalli wani wajen, ki bar shi.

Allah ya kai mu lokacin da rai da lafiya, ya ba ku damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarku lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigidanki. Ki shafa mini kan Nusaiba da Salmanu.

Gwaggonku,
Larai